Ƙwaya 200 a cikin jiƙaƙƙen buhu

Bara, saura kamar mako uku ruwa ya zauna, Baffa ya aiko Auta ya kira ni. Na same shi a zaure da faifai a gabansa, a kan faifan wani jiƙaƙƙen tsumma, fuskar nan a murtuke. Da ya buɗe tsumman sai ga ƙwayar masara guda ashirin, jajaye da maganin nan da kamfani ke shafa wa iri. Sha bakwai sun tsira. Uku suna kwance sun kumbura, ko motsi ba su yi ba.

"Kai da ka yi boko, karanta min abin da aka rubuta a jikin ledar nan."

Na karanta. An rubuta cewa tsiro kashi 90 ne cikin ɗari.

"Casa'in a ɗari, a ashirin nawa ke nan?"

Na ce sha takwas.

"To ni sha bakwai na gani. Gobe kasuwa, za ka raka ni in mayar wa mutumin nan kayansa."

Mu mutanen ƙasar Funtuwa ne, kuma duk wanda ya san yankin ya san masara ba abin wasa ba ce a wurinmu. Leda goma Baffa ya saya, kowace kilo biyu, da kuɗin ragon da ya sayar. Ni kuwa malamin lissafi ne a wata sakandare, kuma a shekarata ta farko a jami'a na yi darasin ƙididdiga wanda a cikinsa aka koya mana yadda ake gwada da'awa a kan kaso. Na haye jarrabawar ne da hadda, kamar yadda yawancinmu suka haye. Shekaru sun shuɗe ban taɓa buƙatarsa ba sai a zauren nan, ina durƙushe gaban faifai, ina neman yadda zan ce wa dattijon da ya girmi mahaifina sha bakwai ɗinsa ba hujja ba ce, ba tare da ya ji na raina shi ba.

Abin da na ce masa ke nan. Baffa, a ɗauka mutumin nan gaskiya ya faɗa, irin nan casa'in a ɗari ne ba ragi. In kuka ɗebi ashirin yau, gobe kuka ɗebi wasu ashirin, jibi ma haka, ai ba kullum sha takwas za ku riƙa gani ba. Wata rana sha tara, wata rana ashirin cif, wata rana sha shida. Hannu ba ya zaɓe. Ya ce wannan gaskiya ne, ko gyaɗa ka damƙo wani lokaci sai ka ci karo da ruɓaɓɓu uku a jere. Na ce to abin tambaya shi ne, in har casa'in ɗin gaskiya ne, sau nawa mutum zai ga sha bakwai ko ƙasa da haka don tsabar rashin sa'a? Na danna a waya. Amsar ta fito 0.32, wato kusan sau ɗaya cikin uku. Manoma uku su sayi wannan iri mai kyau, kowa ya gwada ashirin, ɗaya daga cikinsu zai tashi da zuciya irin ta Baffa alhali ba a cuce shi ba.

Inna tana jin mu daga tsakar gida, ta ɗaga murya ta ce ai dama zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Baffa ya yi kamar bai ji ba.

Daga baya na gane cewa duk darasin da ya ba ni wahala wata huɗu wannan tambaya ce guda ɗaya aka yi wa ado da haruffa. Akwai da'awar da aka tarar a ƙasa, ita ce ake rubutawa da H mai ɗan sifili a gindinsa: kason tsiro 0.90 ne. Akwai kuma abin da mai ƙorafi ke zargi, H mai ɗaya a gindi: kason bai kai 0.90 ba. Da malaminmu ya ce mana zaman kotun alƙali ne da tuni mun gane, don ko yaron da ke makarantar allo ya ji ana cewa kawo hujja yana kan mai ƙara, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa. Mai shago shi ne wanda ake ƙara. Maganarsa a tsaye take har sai an kawo abin da zai kayar da ita. Baffa ne mai ƙara, ƙwayoyin masara su ne shaidunsa, kuma ya zo da shaidu ashirin waɗanda ko a gaban mai gaskiya ma haka za su iya faɗa.

Sai dai ban so ya tashi da tunanin na wanke mai shago ba, domin ban wanke shi ba. Alƙali ya ce hujja ba ta isa ba daban, ya ce mutum bai aikata ba daban. Da ashirin ɗin nan, sai tsiro ya sauko zuwa sha biyar ko ƙasa kafin a ce abin ya wuce rashin sa'a. Na kuma lissafa ta ɗaya gefen: a ce irin ya lalace da gaske, ya koma kashi 85, gwajin ƙwaya ashirin zai kama shi ne kusan sau 17 kawai cikin ɗari. Ragar da idonta ya kai haka faɗi, kifi ya wuce ba abin mamaki ba ne. Kuskure iri biyu ne ke jiran mai yanke hukunci, ko ya kama mai gaskiya ko ya saki mai laifi. Jerzy Neyman da Egon Pearson ne suka tsara wannan magana a rubuce-rubucensu na wajen 1928 zuwa 1933, kuma har yau ɗalibai na rikita wanne ne na ɗaya wanne ne na biyu. Ni yanzu da fuskoki nake tuna su: na ɗaya mai shago ne ana yi masa tijara a gaban abokan cinikinsa a banza, na biyu Baffa ne a gona bayan kwana goma yana kallon kunya gurbi-gurbi.

Na ce Baffa ku ba ni kwana bakwai, kasuwa ba guduwa za ta yi ba. Mu gwada ɗari biyu.

"Ɗari biyu? Irin nawa za ka ƙarar da gwaji?"

Na ce a kilo ashirin akwai ƙwaya sama da dubu hamsin, ɗari biyu ko cikin gwangwanin madara ba su kai ba. A ɗakunan gwajin iri na hukuma ma ɗari huɗu ake shukawa, ɗari-ɗari sau huɗu. Ya ce to, tunda ba kuɗi zan kashe ba.

Na tambaye shi daga ina ya ɗebi ashirin ɗin farko. Daga bakin leda ɗaya, wadda ta fi kusa da hannunsa. Wannan shi ne wurin da littafi ke wucewa a layi ɗaya, a rubuta "an ɗebi samfur ba tare da zaɓe ba" a ci gaba, alhali nan ne rabin aikin yake. Baffa ya fi ni sanin wannan, sai dai bai taɓa haɗa shi da lissafi ba. In ya je sayen hatsi a kasuwar Dandume ba ya yarda da abin da ke bakin buhu. Sai an kawo ƙarfen nan mai kogo an soka a tsakiya, an soka a gindi, ya zuba a tafin hannu ya duba, don ya san akwai masu ɗora mai kyau a sama. Da na tuna masa sai ya yi dariya, karo na farko tun da na shigo. Muka kwaso leda goman, kowace muka girgiza ta sosai, Auta ya rufe ido ya tura cokali ya ɗebo, muka ƙirga ashirin-ashirin ba tare da duba ko wannan ƙwaya ta yi kyau ko ta motse ba. Dole na riƙa tsawata wa Auta, don hannunsa da kansa yake kauce wa ƙanana da fasassu. Ba mugunta ba ce, ido ne ke son mai kyau.

Muka samo buhun algarara, Inna ta wanke shi ta matse. Muka shimfiɗa shi, muka jera layi goma, kowane layi na leda ɗaya, muka naɗe shi kamar tabarma, muka ɗaure bakinsa biyu da zare muka jingina a inuwa kusa da randa. Safe da yamma Auta ke yayyafa masa ruwa. Inna ta kafa doka biyu: duk wanda ya taɓa jan irin nan ya wanke hannu da sabulu kafin ya kusanci kwano, kuma kada a bar ko ƙwaya ɗaya a ƙasa kaji su tsinta.

Kafin mu tashi na sa aka yi abu biyu da a lokacin Baffa ya ɗauka iyayin 'yan boko ne. Na yago takarda daga littafin Auta na rubuta me ake nufi da "ta tsira": sai ƙwaya ta fitar da saiwa ta kuma fitar da kan tsiro. Wadda ta yi saiwa kaɗai ba ta shiga ba, domin a gona ba za ta zama kara ba. Na biyu na rubuta iyaka. In casa'in gaskiya ne, abin da ake sa rai a ɗari biyu shi ne 180. Amma sa'a tana da lilo, tana kai ka sama tana dawo da kai ƙasa, kuma girman wannan lilo ana iya auna shi: ka ninka 200 da 0.9 da 0.1, ka sami 18, ka danna alamar √ a kalkuleta, ka sami 4.24. Wato kai-komon ƙwaya huɗu zuwa biyar a kusa da 180 ba labari ba ne. Tunda ƙasa kaɗai ta dame mu (in ya wuce casa'in ai sai godiya), teburin ƙididdiga ya ce a ja layi a lilo 1.645, inda sa'a kaɗai ba ta ƙetarewa sai kamar sau ɗaya cikin ashirin, wanda ya zo wajen ƙwaya bakwai. Na rubuta: in mun sami 173 ko ƙasa, za mu koma wurin mai shago. In 174 ko sama, a bar magana. Baffa ya dangwala hannu a takardar don wasa, Inna ta soke ta a jikin azara.

Wannan layi da ake ja, ɗaya cikin ashirin, ko 0.05 kamar yadda ake rubutawa, ba daga sama ya faɗo ba. Wani Bature ne, Ronald Fisher, ya yaɗa shi a 1925, kuma abin da ya ba ni sha'awa shi ne a tashar binciken noma yake aiki a lokacin, Rothamsted a Ingila, inda ya fara a 1919 yana tono tsofaffin bayanan taki da alkama. Ashe dama a gona aka reni abin. Shi ne kuma mai labarin matar nan da ta ce in aka ba ta shayi tana iya gane ko madara aka fara zubawa ko ruwan shayin. Ya tsara a ba ta kofi takwas, huɗu haka huɗu haka, ta ware. Hanyoyin warewa 70 ne, don haka mai cinke zai dace duka sau ɗaya ne cikin 70. Ɗaya cikin ashirin ɗin dai al'ada ce da ta bi jiki.  A kan masarar Baffa kuwa ta isa.

Ranar huɗu Auta ya kasa haƙuri ya leƙa, ya zo yana murna wai duk sun fito. Ranar bakwai bayan la'asar muka kwance buhun a tsakar gida. Wari ne ya fara tarbar mu, irin na jiƙaƙƙen hatsi da ya fara tsami. Saiwoyi farare sun huda algararar sun sarƙe da juna, sai da muka riƙa cirowa a hankali kamar mai tsefe kitso. Muka ajiye kwano biyu. Ina ɗagawa, Baffa yana dubawa, Auta yana ja da gawayi a bango.

Masu saiwa da kai, 168. Waɗanda ba su motsa ba ko suka yi funfuna, 26. Sai guda shida da suka tsaya a tsakani: sun fitar da 'yar saiwa, wata ta kai tsawon farce, amma ba kan tsiro.

Na tsaya ina kallon shidan nan, gabana ya ɗan faɗi, don na riga na yi lissafin a kaina. In aka bar su waje, 168. In aka saka su, 174. Iyakar da muka rubuta 173. Duk shari'ar ta dawo kan ƙwaya shida a tafin hannun yaro.

Sai ga shi kowa ya ɗauki ɓangare, kuma kowa da dalilinsa mai kyau. Inna ta ce a saka su, ai suna da rai, a ƙara musu kwana biyu za su fito, kuma mai shagon nan surukin wata ƙawarta ne, ba ta son a ja magana. Baffa ya ce a zubar, irin da ya yi kwana bakwai yana miƙa a cikin lema me zai yi a busasshiyar ƙasa. Ni kaina, in faɗi gaskiya, raina ya fi karkata ga a bar su waje, ba don komai ba sai don in nuna lissafina ya kama wani abu. Kwana bakwai ana kallona ana cewa malam yana bincike, a ƙarshe in ce ba komai? Da ba don takardar da ke soke a azara ba, da kowannenmu ya lanƙwasa ma'anar "ta tsira" ta fuskanci inda yake so, kuma ba wanda zai ji a ransa ya yi ƙarya. Auta ya hau turmi ya ciro ta ya karanta da ƙarfi. Saiwa da kai. Inna ta ce to, ai ku kuka rubuta.

A jami'a na sha jin ana cewa a tsayar da ƙa'ida kafin a ga sakamako, na ɗauka ladabin rubutu ne kamar ja layi da rula. A 2016 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka sai da ta fitar da sanarwa ta musamman tana jan kunnen masu bincike a kan yadda ake wasa da wannan lamba da ake kira ƙimar p, wato yiwuwar ganin irin abin da aka gani, ko mafi nisa da shi, in har da'awar gaskiya ce. Da na karanta labarin ban ji komai ba. Sai da na ga kaina ina son ƙwaya shida su mutu don in fita kunya.

Lissafin da ya rage gajere ne. Mun sa ran 180, mun ga 168, giɓi 12. Raba 12 da 4.24, ka sami 2.83. Wato abin da muka gani ya yi nisan lilo kusan uku daga inda ya kamata. A yadda ake rubuta shi a allo, 168 cikin 200 kashi 84 ne, sai a ce:

z = (0.84 − 0.90) ÷ √(0.90 × 0.10 ÷ 200) = −2.83

Abu ɗaya ne, an dai sauya masa riga. Wanda ke shirin jarrabawa ya lura da abin da ke ƙarƙashin alamar √: 0.90 na da'awa ake sawa, ba 0.84 da aka gani ba. A wannan wurin na yi asarar maki a gwajin tsakiyar zango, na yi ta jin haushi ina cewa ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Tunda an ce a ɗauka mai shago gaskiya ya faɗa, to lilon ma da lambarsa za a auna shi. Akwai kuma sharaɗin da ya sa ba a yi wa ashirin ɗin Baffa wannan lissafi ba: tebur ɗin z yana aiki ne in abin da ake sa ran zai tsira da abin da ake sa ran zai mutu kowanne ya kai goma (wasu littattafan su ce biyar). A ɗari biyu muna da 180 da 20, lafiya. A ashirin kuwa 18 ne da 2, shi ya sa can na bi ta doguwar hanya na ƙirga yiwuwar kowace lamba ɗaya bayan ɗaya.

Tebur ya ba da 0.0023. In aka bi doguwar hanyar, wadda ta fi daidai, yana zuwa wajen biyar cikin dubu. Ko wanne ka ɗauka bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Na ce Baffa, in da irin nan casa'in ne, manoma dubu su yi abin da muka yi, waɗanda za su ga 168 ko ƙasa ba za su cika goma ba. Yanzu kuna da magana.

"Wato ƙarya ya yi min."

Nan kuma na sake samun kaina ina ja masa birki, har ya ce wai kai lauyan mutumin nan ne? Lambar ba ta ce mai shago maƙaryaci ne ba. Ba ta ma ce yiwuwar maganarsa ta zama gaskiya 0.0023 ba, duk da cewa haka yawancin ɗalibai ke fassara ta, ni ma haka na rubuta a takardar jarrabawa. Iyakar abin da ta ce shi ne, irin da ke cikin ledojin nan goma, a yau ɗin nan, da wuya ya zama casa'in a ɗari. Wa ya jawo, yaushe, ta yaya, wannan ba ta sani ba.

Akwai wani likita a Landan, John Arbuthnot, da ake yawan cewa shi ya fara irin wannan gwaji a 1710. Ya duba rajistar jariran da aka yi wa baftisma a birnin na shekara 82, daga 1629, ya tarar kowace shekara maza sun fi mata yawa. Ya ce in da rabi da rabi ne kamar jefa kwabo, samun haka sau 82 a jere ɗaya ne cikin wata lamba mai alƙaluma 25. Ya kammala da cewa wannan tsari ne na Ubangiji. Ni ba ni da ja da ƙarshen maganarsa, amma daga imaninsa ya zo da ita. Abin da lissafin ya ba shi kawai shi ne ba rabi da rabi ba ne. Haka gwajin yake tun ranar da aka haife shi: ya rufe maka ƙofa ɗaya, ta cewa sa'a ce, ya bar ka a tsaye kana kallon sauran ƙofofin.

Ranar kasuwa muka je, da takardar da kwanon 32 ɗin da ba su yi ba. Na roƙi Baffa ya bar ni in fara magana. Mai shagon bai yi faɗa ba. Ya juya leda ya nuna mana watan da aka yi gwajin da ke rubuce a jiki, wanda ni da na karanta wa Baffa casa'in ɗin ko lura da shi ban yi ba, kuma ya kwana biyu. Sannan ya yi tambaya ɗaya: "Alhaji, tun da ka saya a ina ka ajiye?"

Baffa ya yi shiru. Tun farkon Maris ya saya don gudun tashin farashi, ya zuba su a ɗakin kwanon da ke bayan gida, wanda ba shi da silin, kusa da buhunan taki. Wanda ya san zafin Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano ya san abin da ake nufi, kuma zafi da laima su ne manyan abokan gaban iri a ajiye. Shin a ɗakin Baffa ƙarfin irin ya ragu, ko a shagon, inda shi ma rana ke dukan kayan ta ƙofa tun hantsi, ko tun a mota? Ɗari biyunmu ba su da bakin faɗa. Da mun gwada ranar da aka sayo, da sun faɗa.

Aka yi ta ja-in-ja irin na mutanen da suka san gobe ma za su haɗu a masallaci. A ƙarshe mai shago ya ce a raba asara, zai ba da leda ɗaya a rabin kuɗi. A hanyar dawowa a bayan babur Baffa ya ce in lissafa masa nawa ya kamata ya ƙara don cike giɓin. Na ce 90 a raba da 84, ƙarin kashi bakwai ke nan, a kilo ashirin wajen kilo ɗaya da rabi. In ana son a yi hattara, ainihin kason yana iya kasancewa ko'ina tsakanin 79 da 89, don haka ledar nan guda ta kusa rufe ko'ina.

Ya yi shiru har muka wuce gada. Sai ya ce, da ƙarfi don iska, "Wato kwana bakwai, da buhu, da takarda a azara, duk a kan leda ɗaya?"

Ban sami amsa ba a lokacin, kuma har yanzu ina ganin tambayarsa ta fi duk abin da na koya a zangon nan nauyi. Abu yana iya tabbata a lissafi ya zama ƙarami a gona. Da ƙwaya dubu goma muka gwada, ko da kason 89 ne maimakon 90 lambar z za ta haura uku, a ce an kama kamfani dumu-dumu, alhali ba manomin da zai ga bambancin a kunyarsa. Gwajin yana faɗa maka akwai giɓi. Ko giɓin ya isa a hau babur a kansa, wannan mai gona ne zai faɗa.

Wannan zangon na kai wa 'yan ajina na ƙarshe buhu da wake, na ce kowane rukuni ya rubuta ƙa'idarsa ya ba ni in kulle a durowa kafin a yayyafa ruwa. Rukuni biyu sun zo daga baya suna roƙon in ba su takardar su ɗan gyara kalma ɗaya. Ban ba su ba.

Baffa kuwa bana bai jira Maris ta wuce ba. Ranar da ya sayo irin, tun ledojin na kan babur, ya aiko Auta wai in zo da algarara da biro. Shi ya faɗi ƙa'idar da bakinsa, saiwa da kai, ya ƙara da cewa a rubuta kwanan wata babba yadda mai shago zai gani. Ledojin suna ɗakin Inna yanzu a kan katako, nesa da taki. Buhun yana jingine kusa da randa, gobe bayan la'asar zai cika kwana bakwai, kuma an riga an gargaɗi Auta kada ya leƙa.